Sabuwar Riga ga Tsohuwar Katifar Iska: Yadda Muka Kwashe da Wani Shagon Ɗinki a High Point

Shekara tara ke nan muna kwana a kan katifa ɗaya, ni da mai ɗakina, a gidanmu da ke Greensboro a jihar Karolina ta Arewa, kuma da zif ɗin rigarta bai tsinke ba a ƙarshen hunturun da ya wuce, da har yau ban san abin da ke cikinta ba. Katifar irin wadda ake hura wa iska ce, amma ba irin ta roba da ake shimfiɗa wa baƙo a falo a naɗe da safe ba. Wannan a ido ba ta da bambanci da kowace katifa mai kauri. Sai an zuge zif ake ganin jakunkunan iska biyu kwance a jere, kowace da tiyonta da ya fita zuwa ga wani ƙaramin inji da ke ƙarƙashin gado, an kewaye su da katangar soso mai tauri ta ɓangarori huɗu, an kuma shimfiɗa soso mai laushi a samansu. Kowane mai kwana yana da rimot da zai ƙara wa ɓangarensa iska ko ya rage. Ni mai ciwon baya ne, tauri nake so, ita kuwa tana son ta ji ta nutse, don haka wannan katifa ce ta raba mana gardamar da muka taso da ita tun daga Katsina.

Kamfanin da ya fi suna da irin wannan katifa a Amurka shi ne Sleep Number, wanda aka kafa a jihar Minnesota a 1987 da sunan Select Comfort kafin ya sauya suna a 2017, har mutane kan kira kowace katifar iska da sunansa, kamar yadda a gida kowane garin sabulu Omo ne. Tamu ta wani kamfani ce dabam, kuma da na kira su sai suka ce sun daina yin wannan samfurin, ba su da sauran rigarsa a ajiye, amma suna da sabuwar katifa da za su yi mini ragi a kanta. Injin yana aiki, jakunkunan biyu ba su yoyon iska, katangar soson tana tsaye da ƙarfinta. Rigar kawai ta gaji: haƙoran zif sun zube a kusurwa ɗaya, saman ya yi rawaya saboda gumin shekaru, audugar da aka cusa a ciki ta kwanta ta zama kamar tabarma. Ban ga hujjar kashe dubban daloli saboda tsufan ƙyalle ba.

Wani abokina mutumin Maraɗi, wanda ya yi shekaru yana aiki a masana'antar kujeru, shi ya nuna mini wani ƙaramin shago a High Point da ke ɗinka rigunan katifa bisa awon da mai saye ya ba su. High Point tafiyar kamar rabin sa'a ce daga gidanmu, kuma gari ne da aka san shi da kayan ɗaki, inda ake cin babbar kasuwar baje kolinsu sau biyu a shekara, a Afrilu da Oktoba, saboda haka masu yanka ƙyalle da masu soso da masu ɗinki ba su da wuyar samu a can. Shagon yana karɓar oda ta intanet, kuma ta nan na fara. Na cika takardarsu cikin minti biyar: na zaɓi girman da ake kira Queen, na rubuta kauri inci 12 kamar yadda yake a takardar sayen katifar, na biya, na kwanta ina jin na gama.

Washegari da hantsi wayata ta yi ƙara. Wata dattijuwa ce daga shagon, da muryar mutanen kudu mai jan magana, ta ce sun ga odata amma ba za su sa almakashi a ƙyalle ba sai na gaya musu inda na samo incin nan 12. Na ce daga takardar kamfani. Ta ce haka ta yi zato, kuma wannan lambar ta haɗa har da kumburin tsohuwar rigar lokacin tana sabuwa, ba kaurin kayan cikin ba ne. Ta roƙe ni in buɗe katifar in auna da hannuna, ta ce kuɗina suna nan a ajiye, in na fasa za su mayar mini gaba ɗaya muddin ba a yanka ba. Gaskiya raina ya ɗan sosu, domin na ɗauka mutumin da ya yi shekara tara a kan katifa ya isa ya san kaurinta. Girman kai rawanin tsiya. Wannan kiran shi ne abu mafi daraja da na samu daga shagon, ya fi ɗinkin kansa, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Dalilin nacinta sai daga baya na gane shi sosai. A katifar soso zalla, riga ado ce da kariya. In ta ɗan yi yawa a tattara a cusa a ƙasa, ba abin da zai faru. A katifar iska kuwa rigar ita ce ke riƙe da ginin gaba ɗaya, domin babu abin da ya manne jakunkunan da katangar soson, ajiye su kawai aka yi kusa da juna, ƙyallen ne ya ɗaure su. Idan rigar ta yi yawa a faɗi, duk lokacin da mutum ya kwanta iskar za ta tura katangar waje, gefen katifar ya yi ciki kamar randa, jakunkunan su rabu a tsakiya su bar kwari tsakanin miji da mata. Idan ta yi yawa a kauri, soson saman zai riƙa zamewa yana taruwa a wuri ɗaya. Idan kuma ta matse, za ta danne soson ta ja saman kamar fatar ganga, sai mutum ya rage iska har ƙasa amma ya ji katifar ba ta yi laushi ba, lambar da ya saba da ita a rimot ta daina nufin abin da take nufi a da. Inci ɗaya tak yana iya jawo kowane daga cikin waɗannan.

Ga yadda ta koya mini awon, kuma na bi shi daki-daki a ranar Asabar, mai ɗakina na riƙe da bakin tef tana rubuta lambobi. Da farko aka hura jakunkunan biyu har suka cika, domin jakar da ba ta cika ba tana ba da kaurin ƙarya. Aka yaye zanen gado da duk abin da ke sama, aka zuge zif, aka ɗauke saman rigar gaba ɗaya aka ajiye gefe. Ba rigar ake aunawa ba, domin tsohon ƙyalle ya riga ya saki, ya miƙe a inda ake yawan zama, ya tsuke a inda aka taɓa wanke shi. Kayan cikin ake aunawa. Faɗi ana ɗaukarsa daga bayan katangar soso ta hagu zuwa bayan ta dama, a wuri uku: wajen kai, tsakiya, da wajen ƙafa. Namu ya ba da inci 59 da rabi a kai da ƙafa, amma 60 da rabi a tsakiya. Na so in rubuta babbar lambar don kada rigar ta matse, sai na sake kiran dattijuwar, ta ce a'a, ƙaramar ce gaskiya. Ta tsakiyar shaida ce cewa tsohuwar rigar ta saki har katangar ta fara buɗewa, kuma aikin sabuwar shi ne ta mayar da ita inda take. Tsawo ya ba da 79 da rabi ta ɓangarorin biyu.

Kauri shi ne inda aka fi yin kuskure, domin idan aka kafa tef a gefen katifa ido yana ruɗuwa da lanƙwasar baki. Dabararta mai sauƙi ce: a ɗora miƙaƙƙen katako mara nauyi a kan soson sama yadda bakinsa zai leƙo waje, sannan a auna daga shimfiɗar gadon zuwa ƙasan katakon. Na yi amfani da wani falankin kanta da ya rage mana. Ya ba da inci 10 ba ƙari. Don tabbatarwa na auna kowane sashe shi kaɗai: shimfiɗar ƙasa inci 1, jakar iska da katangarta inci 6, soson sama inci 3. Da an ɗinka mini rigar inci 12 da na nema, da kayan cikin suna yawo a sararin inci biyu, kuma da ba ni da bakin magana, tun da ni na rubuta lambar da hannuna, kuma abin da aka ɗinka bisa awon mutum ba a mayar da shi. Ta ƙara da tambayar ko ina da niyyar sauya soson saman nan gaba kaɗan, domin in haka ne sai in fara sayen sabon soson in auna da shi, tun da tsohon soso yakan lotsa ya rasa wani abu na kaurinsa. Namu yana da sauran rai, muka bar shi.

Akwai abin da ya kamata mutanenmu su kiyaye a nan, domin kowa da ma'aunin da ya tashi da shi. Mu a Najeriya da ƙafa muke kiran katifa, a ce shida da shida ko shida da huɗu da rabi, kuma mai ɗakina har yau shida da biyar take kiran tamu. Faɗin ya yi daidai, domin Queen inci 60 ne, wato ƙafa biyar, amma tsawonta inci 80 ne, ƙafa shida da inci takwas. Abokina na Maraɗi kuwa da santimita yake tunani, a wurinsa babbar katifa ita ce 160 da 200, alhali Queen ta Amurka kusan 152 da 203 ce. Bambancin faɗin ya kai inci uku. Sunayen ma ba su da amana. King a Amurka inci 76 da 80 ce, California King 72 da 84, ta fi tsawo amma ba ta kai faɗi ba, sannan abin da ake kira King a Ingila santimita 150 da 200 ne, wanda ya fi kusa da Queen ɗin nan. Wanda gadonsa ke ɗaga kai da ƙafa kowane ɓangare dabam, yawanci katifu biyu ne na Twin XL, kowace inci 38 da 80, kuma riga biyu zai ɗinka ba ɗaya ba. Shagon da inci kawai yake aiki, saboda haka ya fi kyau a sayi tef mai inci a auna kai tsaye, maimakon a auna da santimita a raba da 2.54 a riƙa cike gurbi da zato.

Sai kusurwa. Ban taɓa lura ba cewa kusurwoyin katifarmu a lanƙwashe suke, ba su da tsini. Ta ce in sa farar takarda a ƙarƙashin kusurwa ɗaya in zana bakin soson da fensir, in ɗauki hotonsa tare da tef a gefe in aika mata. Wannan bai ɗauki minti biyu ba.

Na tambaye ta ko za su ɗinka mini saman kawai in haɗa shi da tsohon ƙasan, don in rage kashe kuɗi. Ta ce za su iya, amma ba ta ba ni shawara ba, kuma bayaninta ya gamsar da ni. Zif yana da lamba gwargwadon faɗin haƙoransa, akwai mai lamba 5, akwai 8, akwai 10, kuma ko lambar ta zo ɗaya, rabin zif na wani kamfani ba lallai ne ya kama da rabin na wani ba. Ko ya kama, in tsawonsu ya bambanta da haƙora kaɗan, kusurwoyin sama da na ƙasa ba za su haɗu ba, rigar ta murɗe. Namu ma tun farko a ɓangaren ƙasan haƙoran suka zube. Muka tsaya a kan cikakkiyar riga, sama da ƙasa da gefe.

Batun wuta ni na tayar da shi, domin na taɓa jin labarin mutanen da suka buɗe rigar katifa gidansu ya cika da ƙaiƙayi. Tun ranar 1 ga Yulin 2007 dokar tarayya ta wajabta cewa katifar da za a sayar a Amurka ta iya jure harshen wuta na wani lokaci ba tare da ta kama gaba ɗaya ba, kuma kamfanoni suna cika wannan sharaɗi ne da wani shafi na kariya da ke cikin rigar ko a ƙarƙashinta. Wasu, musamman masu arahar kaya, da zaren gilashi suke yin wannan shafi, wanda in aka yaye rigar yakan tashi ya bi iska ya shiga tufafi da fata da maƙogwaro. Saboda haka kafin kowa ya zuge zif ɗin katifarsa ya karanta farar takardar nan da ke ɗinke a gefenta, wadda ke lissafa abin da aka yi ta da shi da ranar da aka ƙera ta. In ya ga gilashi a jerin, ya dakata. Katifun iska an yi su ne don a riƙa buɗewa, tamu ma babu gilashi a jerinta, amma kariyar wutarta a cikin tsohuwar rigar take, wato in na jefar da rigar na jefar da kariyar. Riga mai araha da na gani a manyan kasuwannin intanet ƙyalle ne kawai da zif, babu maganar kariya ko kaɗan, araha kuwa ba ta ado. Shagon ya ce suna sa shafin zaren rayon da aka haɗa da sinadarin silika, ba gilashi, kuma na nemi su rubuta mini hakan a takardar oda, suka rubuta ba tare da gardama ba.

Sun aiko mini da ƙyallaye huɗu ta gidan waya don in taɓa in zaɓa, kyauta. Akwai saƙar auduga mai miƙewa, akwai mai haɗin ulu, akwai wanda aka cusa wa soso siriri ya yi kumburi kamar bargo, akwai kuma na zaren roba mai sheƙi. Mai kumburin ya fi kyau a ido, shi mai ɗakina ta fara ɗauka. Na ce mata, "Hajiya, ki tuna Yuli." Zafin Karolina ba irin na Katsina ba ne mai bushewa, zafi ne mai danshi da ke manne wa mutum riga a baya, kuma jakar iska roba ce, ba ta shan gumi ba ta kuma barinsa ya wuce, shi ya sa wasu kan buɗe irin wannan katifa su tarar da fumfuna tsakanin jakar da soson. Ta ce, "Malam, kai dai ka ce kuɗin ne ba ka son kashewa." Amma ta yarda muka ɗauki saƙar audugar, wadda ma ta fi mai kumburin tsada da kaɗan. Akwai wani dalili kuma da dattijuwar ta faɗa: ƙyalle mai miƙewa yana barin jiki ya ji sauyin iskar da ke ƙasa, mai kauri kuwa yakan shiga tsakani ya dakushe shi. Gaba ɗaya, da haraji da kuɗin aikawa, na biya dala 340.

A shafinsu sun rubuta kwana goma zuwa sha huɗu. Sai da ta yi kwana ashirin da uku kafin ta iso, kuma a tsakani babu wanda ya neme ni. Ni ne na kira a mako na uku aka ce ƙyallen da na zaɓa ya ƙare suna jiran wani. Uzuri ne karɓaɓɓe, amma shagon da ya iya kirana kan inci biyu ya iya aiko mini da saƙon layi ɗaya kan jinkirin kwana tara. Duk tsawon lokacin nan muna kwana a kan katifa mai buɗaɗɗen baki da na ɗaure da igiyar kaya.

Da ta iso na shimfiɗa ta na duba ta ciki da waje kafin in taɓa gadon. Ɗinkin ya burge ni. An ninka shi biyu a duk inda nauyi ke faɗawa, an bi bakin ƙyallen ta ciki an kashe shi yadda ba zai warware ba, ƙasan an yi shi da wani kakkauran yadi mai ɗan kaushi da ba ya zamewa a kan gado, zif ɗin kuma na sanannen kamfanin zif ne mai suna YKK, ya zagaye katifar ta ɓangarori huɗu yadda za a iya cire saman gaba ɗaya. Na auna ta: ta yi ƙasa da awona da kamar rubu'in inci ta kowace fuska, wanda da gangan suke yi don ta kama jiki. Lanƙwasar kusurwoyin ta hau kan zanen fensirina kamar an yanka su tare. Tana da ɗan warin sabon yadi wanda ya tafi bayan kwana biyu da buɗe taga.

Sai da na kwashe kayan cikin, na shimfiɗa sabon ƙasan, na jera katangar, na kwantar da jakunkunan, na zo zura tiyo, sannan na ga matsalar. Tiyoyinmu biyu ba a tsakiya suke fita ba; dukansu suna fita ta wajen kai ne kusa da kusurwa ɗaya, inda injin yake. A takardar oda akwai gurbin da aka ce a rubuta nisan ramin tiyo daga kusurwar hagu, na auna na rubuta inci 8 da inci 11. Amma ni a tsaye nake a wajen ƙafa ina fuskantar kan gado lokacin da na ce hagu, su kuwa a sana'arsu hagu na wanda ke kwance rigingine ne, wanda shi ne damana. Ramukan biyu sun fito tsaf, an kewaye bakinsu da ɗinki mai kyau, a kusurwar da ba ita ba. Juya rigar ba zai yi magani ba, domin in aka juya ta ramukan za su koma wajen ƙafa, tiyon kuma ba zai kai ba. Ina da rabona a wannan kuskure, tun da ban tambaya ba. Amma takardarsu ba ta faɗi hagun wa ake nufi ba, babu zane, babu bayani, kuma mutanen da suka san sana'arsu har haka bai kamata su bar wa baƙo wannan rami ya faɗa ba.

Na kira ranar Litinin ina shirye da faɗa, sai faɗan bai samu wurin zama ba. Dattijuwar ta saurare ni har na gama, ta buɗe takardar ta karanta, ta ce laifin takardarsu ne, in aiko da rigar su biya kuɗin aikawa, ko in kawo da kaina a gyara ina tsaye. Na zaɓi in je. Shagon wani tsohon ɗakin ajiya ne na jan bulo a bayan gari, da dogon teburin yanka a tsakiya, da kekunan ɗinki na masana'anta bai fi shida ba, da naɗe-naɗen yadi jingine a bango har rufi. Na ɗauka za su toshe ramukan da faci su huda wasu, kamar yadda telan unguwa zai yi ya ce ai ba mai gani tun da wajen bango ne. Ba haka suka yi ba. Wata mata ta farke ƙyallen gefen kai gaba ɗaya, ta yanko sabo, ta sa ni na nuna mata da yatsa inda tiyon ke fita a hoton da ke wayata, sannan ta tambaye ni faɗin kan tiyon, ba tiyon kansa ba, domin mahaɗin robar da ke bakinsa ya fi shi kauri kuma shi ne zai fara wucewa ta ramin. Wannan ma ban auna ba, sai da na kira gida aka auna mini. Aikin ya ɗauki sa'a ɗaya da rabi, ba su karɓi ko sisi ba. Kafin in fita na ga dattijuwar ta ɗauko takardar odar tana zana ɗan gado da mutum kwance a kai. Da na duba shafinsu bayan mako biyu, zanen yana nan.

Sa rigar aikin mutum biyu ne, kuma babu takardar bayani a cikin kwalin, abin da nake ganin gazawa ce ga kayan da aka biya wannan kuɗi. Abin da muka gano da kanmu shi ne a rage iskar jakunkunan zuwa rabi kafin a ja zif, a fara daga wajen kai, mutum ɗaya yana danna soson da tafin hannu yana tura shi ciki ɗayan yana ja a hankali, musamman a kusurwa inda zif ke son cizon yadi. In an rufe sai a hura. A daren farko na ji ta ɗan yi tauri fiye da yadda na saba, na rage iska kaɗan. Bayan mako guda yadin ya saki jikinsa na koma lambata ta da.

Yanzu wata huɗu ke nan. Gefen katifar ya miƙe, na sake aunawa a tsakiya na samu 59 da rabi daidai da kai da ƙafa, kwarin da ya fara buɗewa tsakaninmu ya rufe, kuma in na zauna a bakin gado don sa takalmi ba na jin katangar tana gudu daga ƙarƙashina. Mun wuce Yuli da Agusta, na zuge zif sau biyu na duba, ban ga danshi a kan jakunkunan ba. Saman mun wanke shi sau ɗaya da ruwan sanyi muka shanya a inuwa kamar yadda suka ce, domin zafin injin busarwa yana tsuke auduga, kuma rigar da aka ɗinka daidai jiki ba ta da rarar da za ta bayar. Ya koma wurinsa ba tare da kokawa ba. Abu biyu nake kewa daga tsohuwar rigar. Tana da hannaye a gefe da ake kamawa a gyara zaman katifar, wannan ba ta da su, kuma da na tambaya aka ce da na nema tun farko da an sa mini da ƙarin kuɗi kaɗan, alhali babu inda aka ambaci hakan a takardar oda. Sannan kan zif ɗin ƙarami ne ga yatsun babban mutum, sai da na ɗaura masa guntun igiya.

Ga wanda injinsa da jakunkunansa ke da lafiya, rigar ce kawai ta tsufa, ina ba da shawarar irin wannan shago ba tare da shakka ba, bisa sharaɗin ya ware rabin yini don awo, ya nemi a rubuta masa batun kariyar wuta, ya ce a sa masa hannaye, ya kuma ninka kwanakin da suka yi alkawari a lissafinsa. Wanda kuwa yake tashi da safe ya tarar ɓangarensa ya sace, ko soson samansa ya farfashe yana zubar da gari, to matsalarsa ba ta riga ba ce, kuma dattijuwar nan za ta faɗa masa haka a waya kafin ya biya. Na ji ta da kunnena tana faɗa wa wani ranar da na je gyara, ta ce ya fara shafa ruwan sabulu a mahaɗin tiyonsa ya ga ko zai yi kumfa, sannan ya sake kiranta.